Hannuna ya fi ƙarfin katangar ƙwayar cuta

A gidanmu na Jandutsi, in ka ɗauraye abu ruwan bai fita fes ba, ba ka yi wanki ba. Haka Inna ta horar da mu, kuma ni na fi kowa ɗauka. Wannan hali ne ya kusa raba ni da karatu a Aliero.

A shekarata ta biyu a jami'a aka fara koya mana rina ƙwayoyin bakteriya. Kowace ƙwaya tana da katanga kewaye da ita, katangar ce ke ba ta siffa, wata ta zama dunƙule, wata kamar guntun sanda, wata a lanƙwashe. In babu katangar, ruwa zai shige ta ta fashe. Wasu tasu mai kauri ce, wasu siririya. Yadda ake bambance su kuwa: a shafa su a gilashi, a zuba shunayyan rini, a bi da aidin, a ɗan wanke da sifirit, sannan a zuba jan rini. Mai kauri za ta riƙe shunayya, siririya ta sake shi ta koma ja.

Ni fa duk abin da aka ba ni, ja yake fitowa. Sau biyu ina faɗuwa gwajin rinin da ake yi mana. Aka ce in na sake faɗuwa, sai dai in bar sashen da nake karatu. Tsoro ya kama ni sosai, don Baba ya gama gaya wa duk masu albasar kasuwar Jega cewa 'yarsa na ganin abin da ido ba ya gani.

Mai kula da ɗakin gwajin wani dattijo ne ɗan Maiyama, mai faɗa, kullum da goro a kumatu. Tsoronsa muke ji. Ana saura kwana biyu gwaji na uku, ya tsare ni ya ce in yi a gabansa. Na zuba shunayya, na zuba aidin, na ɗauki sifirit na shiga ɗauraya, ina jira in ga ya fita fes.

"Ke ɗiyata, tsaya!" ya daka mini tsawa. "Ƙwaryar hura kika wankewa? Wa ya ce ki kwashe rinin duka? Ko katangar birni ta, da hannun ga naki sai ta saki."

Ya kama gilashin ya karkata, ya ɗiga sifirit, kafin in ja numfashi uku ya tare da ruwa. Sai da raina ya sosu, don a idona aikin ƙazanta ne. Amma da na leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta, sai ga su, ƙananan dunƙule shunayya sun taru cunkus kamar 'ya'yan kanya a faifai. Na daɗe ban ɗago kai ba.

Ranar gwajin hannuna yana so ya ƙara ɗauraya, na hana shi. Dattijon ya leƙa, ya yi rubutu a takardarsa, ya ce, "Tahi ki ci abinci." Na fita da gudu don murna, ko waiwaye ban yi ba.

Yanzu shekaru ke nan ina wannan aiki, kuma ina kewar ɗakin nan da warin sifirit da faɗan dattijon. Kullum ina cewa zan je Maiyama in gaishe shi, in nuna masa abin da na zama. Bara na shirya na je. Aka nuna mini gidan, matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce ai watansa huɗu da rasuwa.