Tarihin Mai Hoto da Hoton da Ya Ɗauka Bai Gani Ba

Haihuwarsa

An haifi marigayi Mai Hoto a shekarar babbar ambaliya, wadda masu boko suka ce 1944 ce, a layin bayan tashar mota. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa mai saƙa. Ni Dogo, mai ba da wannan tarihi, na girme shi da kaɗan, kuma cikin sa'anninmu kaf babu wanda ya rage sai ni, haƙorana ma suna nan daram.

Sana'a da aure

Bai yi karatu mai nisa ba. Ni kuwa ko ƙofar aji ban taka ba, kuma har yau ban ga abin da aka fi ni da shi ba. A 1966 ya buɗe shagon hoto: ɗaki ɗaya, benci, kyamara mai ƙafa uku, da labule mai zanen jirgin sama. A shekara ta gaba ya auri 'yar tela, wadda muke kira Inna, mace mai yawan dariya, wadda tsawon zamansu ta ƙi yarda a ɗauke ta hoto. Cewa take: "Kullum kana ganina, Malam, me za ka yi da takarda?"

Makanta

Wajen 1998 yanar ido ta fara rufe masa gani kamar hayaƙi, har ya zamana ba ya ganin komai sai hasken ƙofa. Duk mun ɗauka tsufa ne, ba mu san ana cire ta ba. Amma shago bai rufe ba, domin ni na zama idonsa: ya riƙe kyamara, ni in ce, "Dama kaɗan, sama, danna!"

A 2003 Inna ta kwanta jinya. Wata safiya ta sa aka kawo ta shago, ta zauna a benci ta ce: "To ga ni, Malam. Tunda yanzu ba ka ganina, ɗauka." Na daidaita masa kyamarar, ya danna. Ba a jima ba Allah ya karɓi abarsa. Hoton ya zauna cikin leda a aljihunsa, kullum sai ya tambaya: "Dogo, ta fito kuwa?" In ce, "Fes!" Ya ce, "Kai ai komai naka fes ne."

Aikin ido

A 2011 wani kamfanin batir ya ɗauki nauyin kawo likitocin ido harabar makarantar unguwa, kyauta: yara a ɗiga musu magani, wasu a ba su tabarau, tsofaffi a yi musu aiki. Likitar, yarinya sa'ar jikata, ta haska idonsa ta ce: "Baba, na hagu ya mutu, amma na dama yana ce kawai." Tsoro ya kama shi, kada a taɓa ya rasa hasken ƙofar ma. Na ce da shi: "To zauna, ka ci gaba da dogara da maganata." Nan take ya miƙe.

Ikon Allah! Ni da na ga duniya, ban taɓa ganin irin wannan ba. Duhun da ya shekara goma sha uku a kansa, kafin shayina ya huce an fitar da shi. Washegari da aka cire bandeji bai dubi 'ya'yansa ba, balle ni. Aljihu ya sa hannu, ya ciro hoton. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce: "Ta fito. Amma Dogo, ka karkatar min da ita." Na ce ita ce ta karkace saboda dariya. Ya sa hoton a gilashi, ya rataye shi a karkace, don ita ta zauna daidai.

Rasuwarsa

Ya rayu shekara takwas yana gani, kuma duk lokacin da likitocin suka dawo, shi ke jan makafin unguwa zuwa wurinsu. Ya rasu a 2019, aka binne shi a maƙabartar da Inna take. Ya bar 'ya'ya huɗu: Babba direba, Malama, Tela mai sunan kakansa, da Auta da ta gaji shago. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Hoton yana nan a bango yadda ya bar shi. Duk baƙon da ya miƙa hannu zai gyara, ni ke buge hannun.