Godiyar da Hibba ta ƙi yi

Malamar nazare a unguwar Danau Kota ta miƙo wa ƙanwata Hibba sabuwar jaka da yunifom, yarinyar nan ta datse baki ƙam. Umma ta ce, "Ce terima kasih mana!" Wato "na gode" da Malay, yaren mutanen ƙasar. Ta ƙi.

Sati biyu ina koya mata kalmar, har littafin soyayyata na ajiye a inda ya fi daɗi. Na ce shikenan ta biyo ni, ni da na shekara a aji ban iya neman izinin fita fitsari ba. Kuma Litinin za ta fara zuwa makarantar.

A lif, muna saukowa daga bene, na durƙusa na ce, "Hibba, tsoron malamar kike?"

"A'a Yaya, tana da kirki. Umma ce ta hana ni faɗin kashi a gaban mutane."

Umma ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa na sauke ajiyar zuciya. Mun daidaita, "thank you" za ta riƙa cewa.

Ashe tarbiyya ce ta yi mata yawa. Ku fa, wace kalma ƙannenku suka taɓa juyawa haka?