Munduwar Inna a Cikin Injin Baba

Da kakar shekarar da aka ba ƙasar nan mulkin kai, ina 'yar shekara tara, na fito wata safiya zan share zaurenmu na Dutsin-Ma, sai na tarar da Inna tsaye tana murɗa munduwarta ta tagulla daga hannu. Baba yana zaune gaban uwar maƙera, ya kasa ɗago kai. Ta ajiye masa a kan buzu ta ce, "Ita ke nan, Malam, ba ni da wata." Ta koma ciki wajen dakanta.

Baba maƙeri ne, mutumin Makera, amma ya taɓa yin shekara biyu yana aikin jirgin ƙasa a Zariya, kuma tun da ya dawo jirgin bai fita ransa ba. Da safe ya ƙera wa mutane fartanya da lauje, da la'asar ya jawo wani akwati ya shiga haɗa ɗan injin tururi wanda bai fi girman ƙwaryar sha ba. Ya yi tukunyar ruwansa da jan ƙarfe, ya yanko bututu daga tsohon famfon keke. Har abin feƙe ƙarfe ya haɗa da kansa, da wilin keke da igiyar fata. Ni ce mai juya wilin, domin mu huɗu duk mata Allah Ya ba shi, ni ce babba. Maƙwabta sukan leƙo su tambaye shi yaushe jirgin zai tashi zuwa Katsina, a ajiye musu wuri. Shi dai murmushi yake yi, ni ce ke jin haushi a madadinsa.

Abin da ya gagara shi ne fistin, ɗan ƙarfen da ke kai da komowa cikin bututu. In ya yi kauri ya cije, in ya rame tururi ya tsere ta gefe. Sau uku yana kusa gamawa magagari ya ci ya wuce, har tagullarsa ta ƙare. Munduwar nan kuwa ta Iya ce, kakata ta Kurfi, ita ta sa wa Inna ranar aurenta. Iya mace ce mai ido, kafin ta amsa gaisuwa ta gama duba abin da ke jikinki. Ga shi saura mako biyu mu kai mata sabon gero kamar yadda aka saba.

Baba ya narka munduwar, ya zuba a yumɓu, muka feƙe ta har ta kusa shiga bututun, saura kamar ɓawon albasa. Nan ya tsaya. Kwana uku yana ɗauka yana ajiyewa, tsoron magagari ya kama shi. Ni kuwa aikina kullum goge tasoshi da toka a bakin randa, na san yadda toka ke cin ƙarfe a hankali ba ta barin zane. Ranar kasuwa da ya fita, ƙarambani ya ja ni. Na tankaɗe toka da ƙyalle, na kwaɓa da man gyaɗa, na shafa wa fistin, na yi ta murzawa a bakin bututun. Ƙannena suna carafke a tsakar gida suna kirana, na yi kunnen uwar shegu. Wajen azahar fistin ya sulale ciki.

Da Baba ya dawo ya ga hannuwana baƙi ƙirin, na sadaƙar zan sha bulala. Sai ya wanke bututun da kananzir, ya toshe bakinsa da yatsa, ya ja fistin ya saki, sai fistin ya koma ciki da kansa. Ya tambaye ni wa ya koya mini, na ce wankin tasa. Ya yi dariya har da hawaye. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Muka ɗora gero da injin a jaki muka nufi Kurfi. Muna shiga Iya ta cafke hannun Inna ta ga wayam. Baba kuwa kunyar suruka ta riƙe shi a zaure, don haka ni na shigo da injin, na sa garwashi ƙarƙashin tukunyar. Ruwa ya tafasa, na ɗan tunkuɗa ƙafar injin, ta ɗauka da gudu, kaji suka watse. Iya ta ce, "Mi yake niƙawa?" Na ce ba komai. "Mi yake ɗauka?" Ba komai. "To ina munduwar tawa?" Na nuna mata ɗan ƙarfen da ke leƙowa yana komawa. Ta daɗe tana kallo, Inna ta sunkuyar da kai.

"Shekara da shekaru tana hannuna ba ta taɓa rawa haka ba," in ji Iya. "Ke, ƙara mashi garwashi."

Yau jikokina ana sayo musu motocin wasa masu batir, kwana biyu su lalace a jefar, ba wanda zai buɗe ya ga abin da ke ciki. Injinmu ya ɓace a wani tashi da muka yi, su Baba da Inna da Iya duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ina kewarsu. Ban sake ganin abin da ba ya aikin komai ya faranta wa gida guda rai haka ba.