Yatsun Yaya da Na'urar Biza

Yayata mai wanki da guga ce. Na faɗa tun da wuri, domin akwai masu jin haka su taɓe baki, kuma su ne dai waɗanda ko wuyan rigarsu ba su iya wankewa ya fita ba. Tun ina sakandare take wannan sana'a a bayan ɗakinta, inda akwai famfo, da manyan robobi, da igiyoyin shanya da sai ka sunkuya kafin ka wuce. Da sabulu da bilic ta yi mini makaranta, da su ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Wani ƙaramin otal na bakin titi ne babban mai kawo mata aiki: zannuwan gado, rigunan filo, tawul.

Mace ce mai dariya da ƙarfi, mai ido a kan datti. Kana gaishe ta tana duba hannun rigarka. Ban taɓa ganin ta zauna da rana ba, sai dai in salla take.

'Yarta ta fari ma'aikaciyar jinya ce, duk gidan Nas muke ce mata. Ita ta zo wata rana ta ce, "Mama, an ba ni hutu. Za mu fita ƙasar waje yawon buɗe ido, ni da ke, ki ga teku."

"To wankin otal fa?" in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, otal ɗin ubanki ne ya gina shi?" Ubanmu ɗaya, don haka ina da ikon tambaya.

Nas ta yi duk abin da ake yi na takardu. Saura abu guda, a je ofishin biza a ɗauki hoton yatsu. Ni na raka ta, domin Nas tana wurin aiki. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firij, kujeru a manne da juna, kowa ya ƙura wa allo ido yana jiran lambarsa. Da aka kira mu, wata ma'aikaciya mai gilashin ido ta nuna wa Yaya wani ɗan akwati mai fuskar gilashi, ta ce ta ɗora yatsunta. Ta ɗora. Fitila ta kawo ja. Aka goge gilashin, aka sake. Ja.

"Mama, ki ɗan danna."

"'Yar nan, in na ƙara dannawa sai kun sayi sabo."

Ma'aikaciyar ta juya hannun Yaya, ta duba. Nan ni ma na duba, karo na farko a rayuwata. Yatsun sumul, suna sheƙi kamar bayan cokali. Babu zane ko ɗaya.

"Ya goge," in ji ma'aikaciyar. "Wane aiki kike yi?"

Raina ya ɓaci, na fara faɗa, har mai gadi ya leƙo. Amma da wa nake faɗan? Yarinyar ba ta yi mana komai ba, sai ma taimako. Ta ce zanen yana iya dawowa in an bar hannun ya huta: ban da sabulu, ban da bilic, a riƙa shafa mai, mu dawo bayan 'yan makonni. Matsalar ita ce hutun Nas ba ya jiran kowa. In an sake samun ja, tafiya ta ruguje.

Haushin da na kawo gida namu ne, mu da muka ci muka sha daga hannun nan, babu wanda ya taɓa cewa mu ga tafinki. Mai otal ma da aka gaya masa, abin da ya fara tambaya shi ne, "To zannuwana fa?" Ya ce in an yi jinkiri zai kai wani wuri. Sai na ɗaura zani na ce ni zan yi.

Wayyo ni! Nas ta shafe hannun uwarta da basilin, ta sa mata safar hannu, ta ɗora ta a kujera a inuwa. Daga nan Yaya ta zama saja.

"Auta, wannan wanki ne ko gaisawa kike yi da zanin?"

"Yaya, ya fita fa."

"Ɗaga shi a rana. Kin ga can? Mai da shi."

Shekaruna sun ba arba'in baya, ina da surukai, amma aka mayar da ni 'yar koyo. Bayana ya ƙage. Wayata ma, da nake buɗewa da yatsa, ta fara yi mini kallon baƙuwa.

Kuma sai an yi gadinta. Mun ɓoye sabulu a saman kabad. Mun kama ta tana ɗauraye kofi. Wata rana na dawo daga shago na tarar da ita tsaye cikin roba, ta tattare zani, hannuwa a sama, tana tattaka bargo da ƙafa.

"Yaya!"

"Hannu aka ce. Wa ya yi maganar ƙafa?"

Na zo da faɗa a bakina, sai ga ni zaune a ƙasa ina dariya har da hawaye.

A hankali zaman ya fara yi mata daɗi. Ta gano akwai wani abu wai shi barcin rana. Ta san shirye-shiryen rediyo, har tana musu da masu magana a ciki. Kowace safiya maƙwabta kan shigo a cire safa, a ɗaga yatsunta a haske, wannan ta ce ta ga layi, waccan ta ce maiƙo ne.

Ranar da muka koma, ma'aikaciyar nan ta gane mu. Hannun hagu ya hau, fitila ta kawo kore. Na dama, wanda ya fi shan wuya, ya kawo ja.

"Mama, shafa yatsun a goshinki, ki sake."

Yaya ta shafa, ta yi bismilla, ta ɗora a hankali kamar mai taɓa jariri. Kore! Ta ƙyalƙyale da dariyar nan tata, ta ɗaga hannu tana nuna wa mutanen da ba su san ta ba, wani dattijo a layi har da tafi.

Bizar ta fito ana saura ƙiris hutun Nas ya fara. Yaya ta riƙe fasfo ɗin da gefen mayafi don kada ta ɓata shi da mai.

Jiya suka kira ni ta bidiyo, ina tsakiyar guga. Ga Yaya cikin teku har gwiwa, iska na neman ƙwace mata ɗankwali, Nas ta riƙe mata hannu, igiyar ruwa na zuwa tana ihu tana ja da baya, sannan ta sake bin ta.

"Auta! Na ɗanɗana, wallahi da gishiri! Gobe jirgin ruwa za mu hau!"

Na ce ta riƙe ƙarfen jirgin da kyau. Ba ta ma ji ni ba, wata igiyar ta taho.