Yini Ɗaya a Jidda, Neman Shehin Gidanmu

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na sauko daga tsanin jirgi, sanye da shaddar Sallah wadda ta yi wata biyar a ƙasan akwati tana shan warin man inji. Sunana Lawali, mutumin Gusau, ina aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa na dakon kaya. Cikin mu ashirin da biyu ni kaɗai wakilin jirgi ya samo wa takardar fita garin Jidda, shi ma don na dame shi da saƙo ne tun muna tsakiyar teku. Kyaftin ya nuna mini agogonsa ya ce ƙarfe biyar na yamma za a ɗage tsani, ko ina ciki ko ba na ciki.

Ba yawon buɗe ido ya fito da ni ba. Inna, mahaifiyata, tana da yaya mai suna Sale wanda ya tafi umra shekara ashirin da uku da suka wuce, bai dawo ba, bai aiko ba. Sau ɗaya wani alhaji na unguwarmu ya dawo ya rantse cewa ya gan shi a Jidda, tulin littattafai ya kusa rufe masa fuska. Daga ranar Kawu Sale ya zama Shehi. An sa wa yara uku sunansa a layinmu. Yanzu idon Inna ya yi rauni, kuma da ta ji jirginmu zai tsaya a nan sai ta ce ba ta son turare, ba ta son dabino, muryar yayanta kawai zan nemo mata. Abin da ta ba ni na jagora shi ne wata yagaggiyar takarda mai ɗauke da sunan unguwa, da kalma uku a ƙasa: kusa da masallaci. A ƙasar Saudiyya.

Ƙofar tasha, 5:10

Jami'in bakin ƙofa ya juya takardata sau biyu, ya dubi shaddata, ya tambaya ko biki za ni. A waje na tarar da direban da wakili ya haɗa ni da shi, Faisal, baƙi ƙirin kamar ni, cikin farar jallabiya. A Jidda aka haife shi, kakansa ne ya taho daga Katsina a ƙafa. Hausarsa a bakin kakarsa mace ya koya, saboda haka duk ɗan Adam a wurinsa mace ne.

"Ke ce Lawali? Yalla, shiga, kin yi latti."

Na gyara masa sau biyu. A na ukun na haƙura, na zama mace har yamma.

Mun yi sallar asuba a wani masallaci kusa da tasha, sannan ya kai ni karin kumallo: ful, wato waken da aka dafa har ya manta asalinsa, da wani faffaɗan burodi mai zafi da ake kira tamis. Ina cikin ci na miƙa masa takardar Inna. Ya karanta, ya ajiye, ya ce wannan unguwa halas, ta ƙare, an rushe ta don gina sabon gari. Ban yarda ba, don haka ya tuƙa ni kilomita shida kudu. Na fito na tsaya a fili fetal, ba gida ba itace, sai wata kyanwa da ke kallona kamar ni na yi rusau ɗin. A nan ne dariyar da na tashi da ita ta fara ƙarewa, domin na tuna Inna tana zaune da waya a cinya tun asuba.

Faisal ya ce in kwantar da hankalina, akwai mace ɗaya da ta san inda kowane Bahaushe ya koma, har da waɗanda ba su son a sani.

Bab Makka, 8:30

Kasuwar nan zafi ne da gumi da ƙamshin turaren wuta, ga atamfa, ga dabino, ga masu kura suna ihu a kauce. A gindin wani bango muka sami Hajiya Indo, 'yar Zariya, ta baza kuka da daddawa da gyaɗa a kan wani zane. Ta ce mini umrar mako biyu ta kawo ta, kuma har yau ba ta kammala ba. Shekara goma sha tara ke nan.

Muna gaisawa wani ya yi fito daga can nesa, alamar masu kula da kasuwa sun shigo. Kafin in ƙifta ido ta ja bakin zanen, shago gaba ɗaya ya zama ƙunshi a hammata, ita kuma ta zama mai ciniki tana taya wani mayafi a shagon kusa. Da suka wuce ta dawo ta ci gaba da gaisuwa daga inda ta tsaya, tana tambayar mutan gida.

Na ce ina neman Shehi Sale, babban malami, mutumin Zamfara. Ta lissafo mini malaman Hausawa na Jidda ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke yi wa mata addu'ar samun iƙama, wato takardar zama, alhali shi kansa ba shi da ita. Babu Sale a ciki. Sai na ba ta kamannin da Inna ta ba ni: dogo, da tabo a girar hagu inda jaki ya harbe shi yana yaro.

Hajiya Indo ta zauna a ƙasa ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi. Ta ƙi gaya mini dalili. Ta dai ce ta san shi, yana Waziriyya, amma ba ya buɗe makarantarsa sai bayan azahar, kuma wannan karatu ba za a yi shi babu ita ba. Ta damƙa wa maƙwabciyarta ƙunshin, ta shige gidan gaba na motar, ni mai hidimar na koma baya.

Tsohon gari da Bagdadiyya, 9:30 zuwa azahar

Tunda akwai lokaci, suka ce sai sun nuna mini gari. A tsohon gari na ga gidaje masu hawa huɗu da tagogin katako da aka sassaƙa kamar aikin hula. Faisal ya yi bayani da fahariya cewa an yi su haka ne don iska ta shiga. Hajiya Indo ta ce ƙarya ne, an yi su ne don mata su yi gulmar masu wucewa ba a gan su ba, kuma ita da za a ba ta ɗaya da ta bar sana'a.

Muka wuce wata makabarta mai dogon bango wadda ake cewa a nan kakarmu Nana Hauwa'u take. Na ɗaga hannu na yi addu'a. Hajiya Indo ta shafa, sannan ta ce, "Ka ga, ita ma zuwa ta yi ba ta koma ba. Wa ya tambaye ta iƙama?"

A Bagdadiyya muka sha shayi mai madara da kanumfari a gaban wani ofis. Daga nan Faisal ya ce akwai babban abin mamaki da ya ajiye mini. Ya yi tuƙin minti ashirin, ya tsaya, ya buɗe hannu biyu ya nuna mini teku. Ni da na yi wata biyar ban ga komai ba sai ruwan nan, har na san shi da warinsa. Na ce masha Allah, don kada ransa ya ɓaci, na kuma tsaya ya ɗauke ni hoto.

Hanyar Waziriyya

Bayan azahar muka nufi kudu, tafiyar kamar kilomita goma sha biyar. A kan hanya na ga allon da ke nuna Makka, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba, amma takardata ta Jidda ce kaɗai. Na bi allon da kallo har wuyana ya ƙage.

Gaba kaɗan muka tarar 'yan sanda suna duba motoci. Hajiya Indo, wadda bakinta bai huta ba tun safe, ta saki niƙabi, ta karkata kai, ta kama barci har da ɗan minshari. Faisal ya sauke gilashi ya zuba Larabci, ɗan sandan ya duba takardarsa da tawa, ya leƙa ya ga tsohuwa na barci, ya rage murya don girmamawa ya ce mu wuce. Sai da muka sha kwana ta farka, ta ɗora labarinta daidai kan kalmar da ta bari.

Waziriyya, 2:40

Makarantar Shehi wani ɗan shago ne mai hayaƙi tsakanin mai gyaran waya da mai wanki. A nan ƙasar tsire siriyya ake ce masa. Wani dogon tsoho ne a tsaye gaban wuta da mafici a hannu, ya ɗaga kai sama yana zagin ɗan wasan ƙwallon da ya zubar da dama a talabijin, rabi da Larabci rabi da Zamfarci. Da ya juyo sai na ga tabon, na kuma ga hancin Inna da bakinta sak.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce Kawu, daga Gusau nake. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya amsa da Larabci cewa bai san Hausa ba. Hajiya Indo ta ce ya ji tsoron Allah, jiya-jiya da wane harshe ya roƙe ta daddawa? Ni dai na ce ni ɗan ƙanwarsa Hajara ne, ita ta aiko ni. Maficin ya tsaya a hannunsa. Ya jawo benci ya zauna, ya daɗe yana kallon takalmina, sannan ya tambaya a hankali ko tana da rai.

Labarin bai da tsawo. Farkon zuwansa dako ya yi wa wani mai shagon littattafai. Ranar da alhajin unguwarmu ya gan shi, kaya ne ya ɗauko zai kai mota. Alhajin ya ce, Malam, karatu ake yi? Shi kuma kunya ta sa ya ce ana taɓawa. Bayan shekara biyu ya ji labari wurin wasu mahajjata cewa a Gusau ya zama Shehi, har ana raɗa wa jarirai sunansa. Ya ce daga nan duk lokacin da ya yi niyyar neman gida sai ya ji warin hayaƙi a rigarsa ya fasa. Da farko yana cewa sai ya yi karatun tukuna. Karatun bai shiga ba, shekaru suka shige.

Ya roƙe ni in koma in ce ban same shi ba. Na ce jirgina zai tashi ƙarfe biyar, kuma ban san ko zan sake taka ƙasar nan Inna tana da rai ba. Ban jira amsarsa ba na danna kira, na ɗora masa wayar a tafin hannu. Ƙarfe uku da minti biyar ke nan.

Na ji muryar Inna tana cewa, "Lawali? Ka same shi?"

Kawu ya matso da wayar kusa da bakinsa. "Hajara, ni ne. Akwai abin da zan gaya miki. Ni fa ba malami ba ne."

"Ni za ka gaya wa, Yaya Sale? Kai da Malam ya kora sau uku saboda ka kasa wuce Tabbat Yada? Ranar da aka zo da labarin nan ɗaki na shiga na yi dariya har cikina ya ƙulle." Sai muryarta ta sauya. "Ni ba Shehi na rasa ba. Yayana na rasa."

Kawu ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido. Hajiya Indo ma hayaƙin ya kama ta, haka Faisal, wanda bai ji rabin maganar ba. Suka yi kusan awa guda a waya, tana lissafa masa waɗanda suka rasu, yana tambayar ko tsamiyar ƙofar gida tana nan. Naman da ke kan wuta ya ƙone ƙurmus ba wanda ya kula.

Komawa jirgi

Ƙarfe huɗu da minti goma Faisal ya finciko hannuna. Kawu ya rubuta lambar Inna a jikin bango da gawayi, ya sake rubuta ta a takarda ya sa a hula, ya ƙunsa mini tsiren da ya tsira. Muka faɗa cunkoson yamma. Faisal yana ta cewa kada ki damu, alhali shi ne ke dukan sitiyari. Mun sauke Hajiya Indo kusa da Bab Makka motar ba ta gama tsayawa ba, tana ɗaga mini hannu tana cewa in gaishe da Zariya in na bi ta can. Biyar saura minti takwas na hau tsani, shadda ta jiƙe sharkaf. Kyaftin ya dubi agogo, ya shinshina ƙunshin da ke hannuna, ya karɓi tsinke biyu.

Gusau

Bayan mako bakwai muka sauka Legas, na kwana biyu a hanya na isa gida ana kiran la'asar. Na tarar Kawu yana kiran Inna kowace Juma'a. Kafin magariba zaure ya cika, kowa na son jin labarin Shehi. Wani dattijo ya matso ya tambaye ni wane fanni Shehin ya fi ƙwarewa a kai. Ina neman abin faɗa sai muryar Inna ta fito daga bayan labule.

"Kullum yana gaban wuta yana tunatar da mutane. Ku bar yaro ya ci abinci."

Zaure ya ɗauki salati. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin kwanon tuwo, ban ɗago ba sai da suka watse.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Faisal, wadda ta yi mini hidima yini guda ba ta gaji ba, da Hajiya Indo, Allah ya sa wata rana ta kammala umrarta.