Anzar da Babana Ya Ƙone

Kakata Iya Tabawa ba ta ba da tatsuniya don yara su yi barci. In ta buɗe baki, to akwai wanda take nufi, kuma yawanci mutumin yana nan kusa yana ji. Na gane haka tun ina 'yar shekara tara ko goma, a tungarmu da ke arewa da Gulbin Kaba, kan hanyar Issawane, tun Nasara bai taka ƙasar nan ba.

Daga wajen Tasawa iyayenmu suka taso, suka haƙa rijiya, suka kafa gida bakwai. Babana Idi shi ne babba a cikinsu, kuma shi ne ɗan farin Iya. Saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa faɗa gaba da gaba. In tana son ya ji magana sai ta gaya wa akuya, ko ta gaya wa tukunya, da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji. Akuyoyin gidanmu sun sha zagin da ba su san dalilinsa ba.

Da an yi magariba an ci tuwo, sai ta hura wuta da karan gero a ƙofar bukkarta, ta jawo kaba ta hau saƙar tabarma. Mu kewaye ta, ni da ƙanwata Hajo da 'ya'yan maƙwabta. Hajo ba ta wuce shekara uku ba lokacin, kullum tana kan cinyar Iya tana zare mata kaba tana ɓata saƙa, ita kuwa ba ta taɓa ture ta ba. Bayan zana guda Baba ke zaune a kan buzunsa yana jiran lisha. Zanar nan ko tari ba ta tarewa.

Gabas da tungar akwai kurmin anza. Ga wanda bai san ta ba, anza gajeren icce ne mai ganye kore ko da tsakiyar rani, 'ya'yanta kuwa ɗaci gare su da ko akuya sai ta yi tunani. Sai an jiƙa su kwana biyar, ana sauya ruwa safe da yamma, kafin a dafa kamar wake. Ba mai kallonta a shekarar ƙoshi. Amma shekarar da gero ya ƙi, ita tana yin 'ya'yanta, ba ruwanta da sama. A cikin kurmin akwai zabin daji da makwarwa da zomo, akwai zuma a kogon aduwa, yaɗiya ta naɗe magarya har ba ka ganin reshe. Buzaye kuma kan kawo raƙumansu da awakinsu su yi bazara a gefensa.

Ƙa'idar da muka taras ita ce mai sassabe ya sare sabara, ya sare kalgo, amma ya kewaye anza. Iya ta riƙe wannan da hannu biyu. Kowace shekara sai ta kore mu mun tsinko, ta jiƙa, ta dafa, ta tilasta mana ci ko da rumbu a cike yake, wai don kada hannu ya manta aikin, harshe ma kada ya manta. Na tsani ranar nan. Hajo kuwa sai ta cinye nata ta miƙo hannu cikin nawa.

Abin da ya shiga kan Baba shi ne dubu. A ƙasarmu manomin da ya tara dami dubu na gero a damina guda yakan tara jama'a, ya yi biki, ya rabar da hatsin, a naɗa shi Sarkin Noma. Baba ya yi ta kusantar dubun yana kasawa. Ga kuma ƙasar kurmin nan, baƙa wuluk, ba a taɓa sa mata hauya ba, ganye da kashin raƙuma sun yi shekaru suna ruɓewa a kanta. Ya ce zai kira gayya a share ta. Wani Buzu mai suna Agali, wanda ya saba sauka can da dabbobinsa, ya zo har zaure ya roƙe shi ya bar ko da rabi. Baba ya ba shi fura, ya ce masa daji na da faɗi.

Ranar jajiberin gayyar, Iya ta hura wutarta fiye da kullum. Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke yi, nata salon daban. Ta ce, “Ku matso, baƙuwa ta iso ƙohwa.” Muka ce a buɗe mata.

Wai akwai wani gari mai ƙofa guda. A bakin ƙofar wata tsohuwa ke zaune, gajera, mai ɗacin baki, ba ta gaida kowa da daɗi, ba kuma ta roƙon kowa ruwa. Duk bayan 'yan shekaru sai Yunwa ta zo garin, doguwa, ƙafa duk faso, da ƙwaryarta a hannu. Da ta iso sai tsohuwar ta tare ta, ta ce ba a shiga garin nan sai an zauna an gaisa. Ta tambaye ta gida, ta tambaye ta hanya, ta tambaye ta dangi ɗaya bayan ɗaya, ta zage ta, ta ba ta haƙuri, ta sake ɗaukowa daga farko. A yi ta haka har hadari ya haɗo, gero ya fitar da kai. Yunwa ta miƙe ta kakkaɓe zane ta tafi tana tsaki. Mutanen cikin gari ba su ma san ta zo ba.

Sai aka yi shekaru ana ƙoshi. Mai garin ya dubi tsohuwar ya ce ta ɓata masa ƙofa, kuma inda take zaune zai yi kunya goma ta gero. Aka ce ta tashi, ta ƙi. Aka ja ta waje, da safe aka taras ta dawo. Aka sake, ta sake dawowa. A ƙarshe suka tara kara suka ƙone ta a inda take zaune, suka shuka gero a kan tokar, geron kuwa ya yi kyau ƙwarai.

Nan Iya ta ajiye saƙar. Ta ɗaga murya, fuskarta tana wajen zana.

“Yunwa ta zo. Ta duba dama, ta duba hagu, ba kowa. Ta yi sallama, ba mai amsawa. Ta ce, ashe yau ba gaisuwa. Ta wuce kai tsaye gidan mai gari, ta dire ƙwarya tata, ta ce a miƙo mata ƙaramin cikin ɗiya, da shi take hwarawa.”

Hajo ta ƙanƙame wuyanta. Iya ta watsa ƙasa kan wutar, ta ce ta sauke, mai ɗauka ya ɗauka.

Sai muka ji gyaran murya daga bayan zana. Baba ya ce, “Hajo, ki ce ma kakarki Allah ke ciyad da bayi nai, ba anza ba.”

Iya ta dubi garwashin da ya rage. Ta ce, “Wuta, ki ce ma mai gidanga Allah ɗin ne ya shibka ta.”

Washegari aka yi gayya, da ganga da kirari. Kwana uku kurmin ya kwanta. Amma anza ba ta mutuwa da gatari, jijiyarta na da nisa, ka sare ta yau, wata guda ta tofo. Sai a tara kara a kan kututturen a ƙone, ta tofo, a sake ƙonewa. Wannan aikin yara ne, kuma ni na fi kowa zafin nama a ciki. Ni ke ɗaukar garwashi a kasko daga wannan kututture zuwa wancan. Na ji daɗin ranakun nan, ba zan yi ƙarya ba. Mun kwashi ƙwan zabi har a zane, mun gasa bushiya, mun sha zumar da hayaƙi ya kori masu ita. Na ji labarin tsohuwar bakin ƙofa da kunnena, kwana kaɗan bayan haka na kai mata wuta da hannuna ina waƙa.

Baba ya sami dubunsa a daminar nan. Aka zo daga Baoudetta, aka zo daga ko'ina, aka ci aka sha, aka ɗora wa jakuna dammuna aka watse da su. Aka naɗa masa rawani. Iya ba ta fito ba, ta ce ƙafa ke damunta.

Daga nan abubuwa suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kula. Zabin daji suka ƙaura, fara ta yi yawa a gonaki don babu mai tsince ta. Iskar gabas da kurmin ke tarewa ta riƙa shigowa har tsakar gida, tana binne shuka da rairayi, a sake shukawa ta sake binnewa. Agali bai dawo da raƙumansa ba, nono da takin da muke samu a wurinsa suka tafi tare da shi. Sannan ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba. Shekarar da ta biyo ma haka.

Mun ci tafasa, mun share ƙarangiya mun daka, mata sun tone gidajen tururuwa suna kwashe tsabar da suka tara. Da bazara ta kama, lokacin da anza ke nuna, babu ko gindi guda a kusa da mu, don maƙwabta duk sun bi sawun Sarkin Noma sun ƙone tasu. Iya ta ɗauki sanda ta ce in biyo ta. Kwana biyu muka yi muna tafiya arewa, har muka wuce Issawane, muka iske zangon su Agali. Matarsa ta ba mu nonon raƙumi, ta nuna mana inda anzar take, ba ta ce uffan a kan kurmin ba. Na so a ce ta zage mu. Wasu sun riga mu tsinka, da ƙyar muka cika kwando guda, muka sake kwana biyu a hanya.

Muka taras da Hajo ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja, Inna, mahaifiyarmu, na riƙe da ita ba ta da abin ba ta sai ruwan kanwa. Iya ko zama ba ta yi ba, ta ɓare anzar ta zuba a tukunya ta jiƙa. Kwana biyar ne, ba a rage shi, in an rage tana kisa. Hajo ta san tukunyar. Kullum in ana sauya ruwa sai ta buɗe ido ta tambaya ko ta yi, Iya ta ce saura kaɗan. A rana ta uku da hantsi ta daina tambaya.

Da kurmin nan yana tsaye, da tun wata guda kafin haka anza na cikin tukunyarmu. Tafiyarsa daga ƙofarmu ba ta kai a sha ƙwaryar fura ba.

Da aka dawo daga binne ta, maza suna zaune a ƙofar gida, Iya ta fito ɗauke da tukunyar. Ta dire ta gaban Baba har ruwan ya fantsama a kan rigarsa. Ta dube shi cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

“Idi.”

Kowa ya sunkuyar da kai. Wani tsoho ya fara salati a hankali.

“Idi, kai da ka iya ƙidaya hal dubu, ƙidaya mani biyu. Kwana biyu ya rage ma yarinyar ga.”

Baba ya ja rawanin nan ya rufe fuskarsa. Iya ta koma bukkarta. Ta yi shekara uku bayan haka tana saƙar tabarma, amma ba ta sake hura wutar tatsuniya ba.

Yau na haura shekarun da Iya ta mutu da su. Gonar dubu ta zama jigawa, rairayi fari, ka shuka ƙwarya ka girbe abin da bai cika jaki ba. Jikokina ba su taɓa ganin zabon daji ba sai a bakina. Amma har yanzu in an yi biki maroƙa na kiran sunan babana, jikokin suna ɗaga kafaɗa wai su jinin Sarkin Noma ne. Hajo kuwa ba mai sanin an yi ta.

Na daɗe ina fushi da Baba. Da na yi hankali na koma fushi da yarinyar nan mai kaskon garwashi. Sai da na tsufa na gane akwai sauran fushi a cikina, kuma na Iya ne, Allah ya ji ƙanta. Ta san abin da ke zuwa, ta san shi har da wanda zai fara ɗauka. Tana da bakin da ya fi na kowa kaifi a tungar nan, amma ta tsaya tana yi wa zana tatsuniya saboda kunyar ɗan fari. Ta ajiye sunansa a bakinta har sai da ba shi da sauran amfani.

Bara waccan wasu anza uku suka tofo a gefen gonar ɗana, daga tsofaffin jijiyoyin da wutata ba ta kai gare su ba. Yanzu sun kai ƙuguna. Shekaranjiya na ji yana cewa zai cire su ya ƙara kunyar gyaɗa, wai ba wanda ke cin abin nan yanzu. Shi ma ɗan farina ne, shekara arba'in da wani abu sunansa bai fito daga bakina ba. Jikoki sun taru da magariba suna jiran in ba su labarin tsohuwar bakin ƙofa, na ce su je su kwanta.

Jiya da sassafe na riga shi zuwa gonar. Na tsaya gaban anzar, na dube shi cikin ido, na kira shi da sunansa tun gatarin yana kafaɗarsa.