Taku Arba'in na Baba Sahabi

Duk wanda ya bi ta bayan tashar Illela da safe zai ga Baba Sahabi a gindin dogon yaro, da bokitin ruwa a gefensa, ya jiƙa samfefa iri huɗu a cikin wani tsohon kwano. Ba ya taɓa mota sai samfefar ta sha ruwa. Aikinsa ɗaya ne. Fitilar mota ta roba da rana ta dafa har ta yi rawaya ta dushe, shi ke dawo mata da haske. Ya fi shekara ashirin yana wannan. Yanzu gwiwa ta matsa masa, ya ce bayan sallar layya zai koma garinsu Araba. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani kafin ya tafi.

Yayana Lukmanu direba ne, yana jan motar Alhaji Abdulbaqi mai canji daga Illela zuwa Sakkwato. Bara da damina ya bugi jaki bayan magariba, ba a yi sati biyu ba ya kusa hawa amalanke. Magana ta bazu a tasha cewa dundumi gare shi, duhu na shiga ba ya gani. Har shi kansa ya fara yarda. 'Ya'ya biyar gare shi, ga mahaifiyarmu, kuma ba shi da wata sana'a. Alhaji ya aiko cewa ranar Lahadi in an tashi kasuwa ya kawo makulli.

Ranar Lahadin da hantsi na raka shi wurin Baba Sahabi. Baba ya shafa fitilar da yatsa, ya kai hanci.

"Wa yas shahwa mata man birki?"

"Masu wanki na, Baba. Sun ce tana ƙyalli," in ji Lukmanu.

"Tana ƙyalli kwana biyu, sannan ta sha ƙura, robar ta ƙone. Yau muna gane ko idonka na ko hitila ta. Amma ka jiya, in idonka na, ba ni rufa maka. Rayuka kaka ɗauka."

Kowa ya san zancen Idi mai motar albasa. Baba ya gyara masa fitila, ya gwada shi, ya ce masa ya tafi asibiti. Sun yi wata uku Idi ba ya gaishe shi. Yanzu da tabarau yake tuƙi.

A motar Lukmanu, fitilar hannun dama kaɗai Baba ya kama. Ya wanke ta, ya ɗauki samfefa mafi kaushi ya fara guga yana zuba ruwa. Kafin a jima ta koma fara fat kamar an shafa mata kindirmo, ko ƙwan ciki ba a gani. Daidai lokacin Alhaji ya sauka daga kabu-kabu, ashe wani ya kai masa labari.

"Sahabi, mi kaka yi ma motata? Ka ida kashe ta."

"Zamna, Alhaji. Sai ta yi hwari kahin ta yi haske."

"In ba ta yi ba fa?"

"Na taɓa zuwa teburinka in koya maka sefa? Bar ni da nawa."

Alhaji bai yi dariya ba, bai kuma zauna ba. Baba ya ci gaba, ya sauya samfefa ya sauya hannun guga, daga mai kaushi har mai laushi, bai tsallake ko ɗaya ba. Lukmanu na tsugune yana juya makulli a hannu. Sai wajen azahar robar ta fara buɗewa. Ya goge ta da man gogewa, ya fesa mata ruwan kariya, ya kifa kwali a kanta saboda ƙura. Ya ce kada kowa ya taɓa sai magariba.

Da aka idar da sallah muka fita hanyar Darna Sabon Gari inda ba motoci. Baba ya rufe gyararriyar fitila da buhu, ya bar tsohuwar. Ya sa Alhaji ya zauna kusa da Lukmanu. Haka yake gwajinsa: zai yi gaba, duk taku goma ya juyo ya ɗaga yatsu, direba ya faɗi ko nawa ne.

A taku goma Lukmanu ya ce uku. A ashirin ya kasa gani.

"Alhaji, kai fa?" Baba ya tambaya daga cikin duhu.

Alhaji ya kai fuska jikin gilashi. "Biyu?"

"Huɗu na."

Aka mayar da buhun kan tsohuwar. Goma, Lukmanu ya faɗa daidai. Ashirin, daidai. Talatin, daidai. A taku arba'in Lukmanu ya tsaya yana ƙura ido, ina jin numfashinsa daga inda nake tsaye. Alhaji ya juyo yana kallonsa. Na ce a raina shi ke nan.

"Baba," in ji Lukmanu a hankali, "ba ka ɗaga komi ba. Hannunka dunƙule yake."

Baba ya dawo yana ɗingishi, hannun a dunƙule har gaban mota. Alhaji ya juya ga Lukmanu. Ya ce, "Gobe ka kawo ta a yi gudar. Riƙe makullinka."

Baba Sahabi, kai ne ba ka yi wa Idi ƙarya don ya ji daɗi ba, ba ka kuma bari an yi wa Lukmanu ba. Kai ne ke guga har ta yi fari ana zaginka, ba ka ɗaga kai. Mai hannun haƙuri, gidanmu na gode maka. Lukmanu na nan yana tuƙi, jiya ma ya shigo da fasinjansa lafiya. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Masu wankin mota, ku je ku zauna gabansa ku koya tun yana nan, ku bar man birki wa birki. Ku kuma masu mota, kafin ku karɓi makulli a hannun direba, ku zauna kusa da shi cikin duhu ku ga abin da yake gani.